Gazali da Shafin da Aka Raba Uku

A unguwar Ƙofar Kware aka haifi Gazali, a wani gida mai ƙofa ɗaya da mutum ashirin da bakwai. Mahaifinsa, Malam Attahiru, mai buga tafireta ne a wani ofishi, shekara talatin yana buga wasiƙun da wasu ke sa wa hannu. Da ya yi ritaya aka bar masa tafiretar, domin babu mai son ta. Ya kawo ta gida ya ɗora a kan akwati, ya lulluɓe ta da tsohon rawani. A kanta Gazali ya koyi bugu. Yana ɗan shekara goma sha biyu yakan buga shafi guda bai dubi yatsunsa ba, bai kuma dubi kowa ba.

Mutanen gidan sun shaide shi da hali biyu: ba ya dariya sai da dalili, kuma ba ya ba da aron abinsa. Idan ka ce ya ara maka biro, sai ya tambaye ka abin da za ka rubuta, ya rubuta maka. Mahaifiyarsa, Inna Hajjo, ba ta kama sunansa saboda shi ne ɗan fari. Idan maganarsa ta taso takan ce, "Wancan, ko inuwatai ba shi bari a zamna sai ya ji dalili."

Da ya gama sakandare ya yi karatun kwamfuta shekara biyu, sannan ya sami aiki a wani shago a unguwar Mabera inda ake buga wa ɗalibai takardunsu. Tsakanin azahar da la'asar masu kawo aiki kan yi ƙaranci, saboda rana. A wannan tsakanin, idan akwai wuta, Gazali yakan zauna yana koya wa kansa ginin shafin intanet. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya hana shi.

Wata rana a shekarar 2016 wani dillalin albasa mai suna Alhaji Junaidu ya shigo a buga masa wasiƙa. Mutum ne mai manyan motoci bakwai da wayoyi uku, kuma wayoyin ba sa yin shiru. Manoma ne ke kiransa daga fadamu suna tambayar ranar da mota za ta zo ta kwashi kayansu zuwa kudu. Yana tsaye yana amsa waya biyu lokaci guda sai idonsa ya kai kan kwamfutar Gazali.

"Malam, mi kaka yi nan?"

"Shafi nika ginawa, Alhaji."

"Na wa?"

"Ba na kowa ba na. Gwaji na."

Alhaji ya dubi wayoyinsa, waɗanda duka ukun suka ɗauki ƙara a lokacin. Ya ce, "Abin ga naka shina iya amsa ma mutane ba tare da ni ba?"

Gazali ya ce yana iyawa. A cikin wata huɗu ya gina wa kamfanin Alhaji, mai suna Albarkar Fadama, shafi guda mai sauƙi. Manomi ya buɗe a wayarsa, ya rubuta sunansa da ƙauyensa da yawan buhunansa da ranar da yake son mota, ya danna maɓalli. Ke nan. Alhaji ya ba da waya ɗaya kyauta, ya ɗauki Gazali aiki, ya ba shi ɗaki mai fanka a saman ofishinsa na Mabera.

Abin da ya yi daɗi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Shekara ta zagayo Alhaji ya ce a ƙara wurin da manoma za su nemi iri da taki. Gazali ya ƙara. Manoma suka fara tambayar ko shafin ya san ranar da ruwa zai sauka, Alhaji ya ce a ƙara hasashen yanayi. Gazali ya ƙara. Duk abin da aka ce, sai ya liƙa shi a jikin na farko, har fuskar shafin, wato abin da manomi ke gani yana dannawa, ta zama dunƙule guda mai girman gaske wanda shi kaɗai ya san ciki da wajensa. A cikin waɗannan shekarun ya auri Nuriyya, malamar firamare, suka tare a unguwar Arkilla. Kullum da safe yakan hau keke zuwa Mabera da jakar kwamfuta a kan cinya, ya riƙe ta da hannu biyu.

Kafin shekara bakwai manoman da ke amfani da shafin sun kai dubbai, daga Wurno da Goronyo da Gada har cikin Kabi. Masu ginin shafin kuma sun zama goma sha huɗu, rukuni uku. Rukunin motoci na hannun Gazali. Rukunin iri da taki na hannun Malama Balkisu, 'yar Mabera, wadda ta yi wa wani kamfanin waje aiki shekara biyu daga ɗakinta kafin Alhaji ya ɗauke ta. Rukunin yanayi kuwa a Kano yake, a hannun wani Abdulshakur da Alhaji ya haɗu da shi a baje koli. Babu wanda ya taɓa ganinsa a Mabera, muryarsa kawai aka sani.

To, mutum goma sha huɗu ne, amma ƙofa ɗaya. Tun da shafin dunƙule guda ne, ko wasali ɗaya aka gyara sai an sake haɗa shi gaba ɗaya an sake shi gaba ɗaya. Gazali ne mai duba kowane gyara, shi ne kuma mai saki, ranar Alhamis bayan la'asar, idan ya gama dubawa. Sau da yawa bai gama ba. Akwai lokacin da aka yi kuskure aka rubuta "shinfaka" a maimakon shinkafa. Balkisu ta gyara a cikin minti ɗaya, gyaran ya shiga layi, ya kwana goma sha tara yana jiran Gazali. A cikin kwanakin nan manoma ɗari biyu da wani abu suka nemi irin shinfaka, aka kai musu, suka shuka, ta fito.

Balkisu ta yi masa magana sau biyu. Sau biyun ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Na ji, Malama." Ya ji ɗin kuwa.

A ƙarshen watan biyu na shekarar 2023 Nuriyya ta haihu. Ranar suna da hantsi Gazali na zaune a kan tabarma a ƙofar gidansu na Ƙofar Kware, cikin farar shadda, jama'a na ta zuwa. A daidai lokacin Abdulshakur ya turo wani gyara daga Kano, ya ce na gaggawa ne. Inda suke samo labarin yanayi ana fara rubuta wata kafin rana, shi kuma yana so kwanan watan shafin ya dace da nasu. Gazali ya karanta a waya da hannun hagu, yana miƙa na dama ana yi masa barka. Liman ya ce sunan yarinya Khaula, aka shafa fatiha, Gazali ya danna amincewa, gyaran ya fita nan take. Bai tuna ba cewa ɗan guntun da ke rubuta kwanan wata guda ɗaya ne a shafin duka, da shi ruwan sama ke aiki, da shi motoci ke aiki.

Wasu manoma a wani ƙauye kusa da Goronyo sun nemi mota shida ranar uku ga watan huɗu. Takardar da ta isa hannun direbobi ta ce huɗu ga watan uku. Ranar huɗu ga watan uku kuwa motoci shida suka shiga ƙauyen a jere, suka tsaya a bakin fadama. Albasa na cikin ƙasa, ganyenta kore shar, saura mata wata guda. Manoman suka fito suka yi wa direbobin sannu da zuwa, suka ba su fura, suka zagaya da su suka nuna musu albasar. Direbobin suka yaba, suka juya.

Washegari Alhaji Junaidu ya tara shugabannin rukuni. Aka ajiye waya a tsakiyar tebur domin Abdulshakur ya ji daga Kano.

"Wallahi Alhaji, ni ruwan sama na taɓa," in ji muryar Abdulshakur. "Ban taɓa mota ba. Ni ko hanyar sashen motocin ban sani ba."

"Laihina na," in ji Gazali. "Ni niy yarda da gyaran."

"Ban tara ku don neman mai laihi ba," in ji Alhaji. "Magani nika so."

"Za ni ƙara dubawa da kyau."

"Malam Gazali," in ji Balkisu, "idanunka biyu na. Mu goma sha huɗu muke."

Ta ɗauko farar takarda ta zana murabba'i, ta raba shi uku. Ta ce a raba fuskar shafin, kowane rukuni ya riƙe sashensa, ya gina abinsa, ya gwada abinsa, ya saki abinsa ranar da ya ga dama, ba tare da jiran kowa ba. Idan sashen yanayi ya faɗi, ya faɗi shi kaɗai. A bar wani ɗan siririn ɓangare a sama wanda zai riƙe sunan kamfani da wurin shiga, shi ne zai jera sassan uku a gaban manomi. Ta ce ba ita ta ƙirƙiro ba, haka manyan kamfanoni ke yi idan masu aiki suka yi yawa.

Gazali ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Shafi guda na. Wa ka raba shafi?"

"Manomi shi ga guda. Mu mu san ukku na."

"In an raba, kowa shi yi abin da yag ga dama."

"Yanzu kuma ba mai yin komi sai Alhamis."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Ni ban san abin da kuka hwaɗi ba. Abin da nis sani, in an taɓa ruwan sama, kada mota ta tashi. Malam Gazali, kai ka gina abin ga, ba ni tilasta maka. Tahi ka yi tunani."

Ya tafi ya yi tunani kwana uku. A rana ta uku da yamma, bayan ya dawo daga aiki, Nuriyya ta miƙo masa wayarta.

"Baban Khaula, an turo hotunan suna. Dibi."

Hoto goma sha ɗaya ne yake ciki. A dukkansu kansa na sunkuye a kan waya, ba a ganin komai sai saman hularsa. Ga liman, ga kawunansa, ga abokan mahaifinsa, kowa da fuskarsa, ga kuma hula. Gazali ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ya sake komawa farko.

"Hular ta hito da kyau," in ji shi.

"Ƙwarai," in ji Nuriyya. "In yarinya ta girma sai in nuna mata in ce ga hular babanki ran sunanki."

Da safe ya hau saman ofis ya sami Balkisu ya ce a raba.

Rabon ya ci wata biyar. Gazali ne ya yi mafi yawan yankan, domin shi ya san inda jijiyoyin suka bi. A cikin aikin ya riƙa cin karo da abubuwan da ya rubuta tun farko ya manta. A wani wuri a cikin ginin shafin ya tarar da rubutu layi arba'in, a samansu an rubuta da manyan baƙaƙe KADA A TAƁA. Shi ya rubuta, shekara shida da suka wuce, bai faɗi dalili ba. Ya kwana biyu yana neman dalilin bai samu ba. A rana ta uku ya yi bisimilla ya goge su. Babu abin da ya faru. Bai gaya wa kowa ba sai bayan shekara guda.

Ranar da zai miƙa wa kowane rukuni sashensa, ya haɗa musu da bayani shafi goma sha huɗu kowanne. Sashen motoci ya koma hannun Lailatu, wadda ta shekara huɗu tana aiki a ƙarƙashinsa ba a taɓa barin ta ta saki komai ba. Shi kuma aka bar masa siririn ɓangaren nan na sama. Ma'aikata suka sa wa ɓangaren suna zaure, tun da ta nan kowa ke shiga.

Makonnin farko kowa ya sha iska. Rukunin Balkisu ya saki gyara sau huɗu a rana ɗaya, don kawai ya ga ko da gaske ne. Sai dai kafin wata biyu abin da Gazali ya faɗa ya fara fitowa. Launin kamfani kore ne, amma kowane rukuni da korensa: na motoci mai duhu, na iri mai haske, na Kano kuwa ya ɗan karkata zuwa shuɗi. A sama an rubuta "A wannan makon ana sa ran ruwa", a ƙasa kaɗan an rubuta "Motocin da ka tashi wanga sati". Sashen iri na auna da tiya, sashen yanayi idan zai ba da shawarar shuka sai ya ce mudu. Mafi muni, kowane sashe ya ɗauko nasa kayan aikin daban, alhali iri ɗaya ne, sai ya zama wayar manomi na jan kaya uku a maimakon ɗaya. A cikin gari ba a lura ba. A fadama, inda sabis ke zuwa yana komawa, shafin kan yi minti biyu bai buɗe ba.

Wani manomi ya kira Alhaji a waya ya ce, "Alhaji, abin ga naku ya yi nauyi. Kuma in ya buɗe, kamar mutum ukku ka magana ciki, ba su ko gaisa ba."

Aka sake kiran taro. Gazali ya zo cikin sabuwar riga mai aiki, wadda ba a taɓa ganinsa da ita ba sai ranar Juma'a. Ya zauna yana gyara wuyanta.

"Malam Gazali, hwaɗi mana," in ji Balkisu. "Ka ce ka hwaɗa muna."

"Ban ce komi ba, Malama."

"Rigar ta ce."

Ita da kanta ta amsa cewa ta yi gaggawa, an raba aiki ba a yi yarjejeniya ba. Ba ta ce a koma gidan jiya ba, shi ma, abin mamaki, bai ce ba. Abin da ya ce shi ne a rubuta 'yan abubuwan da dole kowa ya bi, kada su wuce shafi biyu, sauran kuma kowa ya yi yadda ya so. Kayan aikin da ake tarayya a kansu su zauna a zaure, kowa ya ɗauka daga nan. Kwanan wata, rana kafin wata, kuma a rubuta sunan watan da baƙaƙe. Wannan babu wanda ya yi musu.

A kan harshe aka daɗe. Abdulshakur ya ce daidaitacciyar Hausa ita ce ta littafi, ita ya kamata a bi. Lailatu ta ce manoman ba littafi suke nomawa ba. Alhaji ya ce shi bai taɓa sanin akwai wata Hausa da ta fi tasa daidai ba, sai yau. Daga ƙarshe aka tsaya a kan Hausar littafi, amma awo da tiya, domin manomin Wurno idan ka ce masa mudu sai ya tambaye ka na wane gari. Kore kuwa, da aka kasa daidaitawa, Alhaji ya sauka ƙasa ya dawo da ganyen albasa ya shimfiɗa a kan tebur. Aka nuna wa Kano ta kyamara. Kano ta yarda.

Aka ɗora wa Gazali riƙon yarjejeniyar tare da zaure. Aikin duka bai fi na awa biyu a rana ba.

A farkon shekarar 2024 idon Inna Hajjo ya yi yana, likita ya ce sai an yi aiki, aka tura su wani asibitin ido a Kano. Gazali ya raka ta. Tun da ya fara aiki da Alhaji bai taɓa kwana biyu a jere ba a kira shi ba, saboda haka ya tafi da kwamfuta da caja biyu. Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. A rana ta huɗu ya kira Nuriyya ya ce ta kira shi, yana so ya gwada wani abu. Ta kira, wayar ta yi ƙara lafiya lau.

Inna Hajjo na kwance da bandeji a ido, amma kunnenta garau.

"Kai, an sallame ka aiki na?"

"A'a, Inna."

"To mi ya hana a neme ka?"

"Ba a bukata ta."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Miƙo min ruwa."

A rana ta shida wani ƙaton mutum mai fara'a ya yi sallama a ƙofar ɗakin, yana ɗauke da kwanon abinci a kowane hannu. Da ya buɗe baki Gazali ya gane shi. Shekara huɗu yana jin muryar nan, kuma a ransa ya ɗauka siririn mutum ne mai tabarau. Abdulshakur ya durƙusa ya gai da Inna, ya yi mata ya jiki, sannan suka fito baranda.

"Ya aiki?" in ji Gazali, kamar ba da gangan ba.

"Lafiya ƙalau. Ai shekaranjiya sashenmu ya faɗi, awa biyu cur. Ni na yi ɓarnar da hannuna."

Gazali ya miƙe zaune. "Motoci hwa?"

"Motoci suna ta tafiyarsu. Lailatu ma ba ta sani ba sai da na gaya mata. Muka gyara kafin azahar."

"Ba a kira ni ba."

"To, Malam, mu kira ka mu ce maka me?"

Gazali ya jawo kwano ɗaya. Ya buɗe kwanon, dambu ne da zogale. Suka ci tare. Abdulshakur ya ba shi labarin yadda matarsa har yau take tsokanarsa da mota shida, Gazali ya yi dariya, domin akwai dalili.

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Inna Hajjo ta dawo tana gani, abin da ta fara cewa kuwa da ta shiga gida shi ne ashe haka bangon ɗakinta ya yi datti ba a gaya mata ba. Gazali ya koma ofis ya tarar an saki gyara ashirin da uku a bayansa. Ya zauna ya karanta su duka, ko da yake babu wanda ya ce ya karanta. Biyu daga ciki da shi ne da ba haka zai yi ba. Ya buɗe baki, ya tuna ba sashensa ba ne, ya rufe.

Haka ya yi makonni, ya gama aikinsa kafin hantsi ya ɗaga, ya zauna yana kallon fanka. Wata Laraba a lokacin cirar albasa Alhaji ya leƙo ya same shi a haka.

"Malam Gazali, ka taɓa ganin manomi shina danna abin ga naka?"

Gazali ya yi tunani. Shekara takwas ke nan. "A'a, Alhaji."

"Tashi mu tahi Wurno."

Suka isa fadama rana ta take. Alhaji ya kai shi wurin wani dattijo mai suna Malam Bube, wanda ke tsaye a kan tarin albasa yana so ya nemi mota. Malam Bube ya goge hannunsa a riga, ya ciro waya daga aljihu, ya kare ta da inuwar malafarsa. Shafin ya buɗe ba da daɗewa ba, Gazali ya ji daɗin wannan. Dattijon ya cika komai daidai, a hankali. Saura ya danna "Aika". Babban yatsansa faffaɗa ne, ya tsattsage, laka ta bushe a kai. Maɓallin kuwa ƙarami, kuma dab da shi akwai wani mai cewa "Soke". Ya danna, yatsan ya hau biyun, komai ya goge. Ya sake farawa. Sau uku haka. A na huɗu ya juya hannu ya danna da ɗan ƙaramin yatsa, saƙon ya tafi.

"Kullum haka kaka yi, Baba?" in ji Gazali.

"Kullum. Wanda yay yi abin ga, Allah shi saka mashi, ya taimake mu. Amma yatsunai na masu ɗinkin hula na."

"Ga shi nan tsaye gabanka," in ji Alhaji.

Malam Bube ya dubi fuskar Gazali, sannan ya dubi hannunsa. "Na gani," in ji shi.

Gazali ya nemi izini, ya tsinko kara, ya auna faɗin babban yatsan dattijon, ya karya daidai wurin, ya sa a aljihu. A mota Alhaji ya yi ta magana a kan albasar bana, shi kuwa hannunsa na kan aljihun.

A da, da ya isa ofis zai gyara abin kafin magariba. Yanzu girman maɓalli na cikin abin da ya shafi kowa, sai rukuni uku sun yarda. Ya kira taro ya ajiye karan a kan tebur, ya ba da labarin Malam Bube ba ƙari ba ragi. Lailatu ta yarda nan take. Balkisu ta ce manyan maɓallai za su ture mata jerin iri, a ba ta mako biyu ta sake tsari. Abdulshakur ya ce a ɗaga karan ya gani, aka ɗaga, ya ce ai wannan kusan nasa yatsan ne, shi ma ya daɗe yana fama bai faɗa ba. Aka ƙara layi ɗaya a yarjejeniya: kowane maɓalli ya kai faɗin karan, kuma "Soke" ya yi nesa da "Aika". Kowane rukuni ya saki nasa gyaran a ranar da ya shirya.

Tun daga nan Gazali ya mayar da Laraba ranar fita. Yakan bi motar kamfani zuwa wani ƙauye, ya tsaya a bayan manomi yana kallo, da ɗan littafi a hannu. Ba ya koya wa kowa, ba ya karɓar wayar kowa ya danna masa, ko da yake an ce a farko sai da ya riƙa sa hannuwansa a aljihu. Ya yi baƙi, ya sayi malafa. Yanzu shekararsa talatin da bakwai, 'ya'yansa biyu, yana nan Arkilla.

Da ya koma Wurno bayan an gama gyaran, ya sami Malam Bube a bakin rijiyar fadama. Dattijon ya ciro waya, ya cika, ya danna da babban yatsa, saƙon ya tafi a karo ɗaya. Ya jinjina kai.

"Wanga ya yi," in ji shi. "Saura rubutun. In rana ta take, cinye shi takai, ba ni ganin komi."

Gazali ya buɗe littafinsa ya rubuta. Ya tambaye shi ko akwai wani abu kuma. Malam Bube ya ce akwai, amma ya fara zama ya sha ruwa, don suna da yawa.